Gano Tushen Kuskuren Ɗalibi a Manhajojin Koyarwa Masu Basira: Nazari a Kan Koyar da Rubuta Shirin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Manhajar koyarwa mai basira ita ce manhajar kwamfuta da ke bin ɗalibi mataki-mataki yayin da yake warware matsala, tana ƙiyasta abin da ya iya da wanda bai iya ba, sannan ta zaɓo masa gyara ko aikin da ya dace da shi. Manhajar jarrabawa ta yau da kullum amsar ƙarshe kawai take dubawa, ta ce daidai ko kuskure. Wannan kuwa hanyar da aka bi aka kai ga amsar take sa wa ido. Rubuta shirin kwamfuta na cikin fannonin farko da aka jarraba irin wannan manhaja a kansu, kuma har yau buƙatar tana nan. Binciken Bennedsen da Caspersen (2007) da na Watson da Li (2014), waɗanda suka tattara alƙaluma daga manyan makarantun ƙasashe daban-daban, duk sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu ɗaukar darasin farko na rubuta shiri ba sa tsallake shi.

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin dabarun da waɗannan manhajoji ke bi wajen gano tushen kuskuren ɗalibi. Matsayar da maƙalar ta ɗauka ita ce, wannan ganowa ita ce ƙashin bayan aikin baki ɗaya, kuma kowace dabara da aka ƙirƙiro tun daga shekarun 1980 sai da ta sadaukar da wani abu kafin ta same ta: ko dai 'yancin ɗalibi, ko lokacin masu gini, ko zurfin bayani, ko tabbacin gaskiyar abin da ake gaya wa ɗalibi.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Masana kan danganta farkon wannan fanni da manhajar SCHOLAR, wadda Jaime Carbonell ya bayyana a 1970 don koyar da labarin ƙasa na Kudancin Amurka ta hanyar tambaya da amsa. A 1976 Barr da Beard da Atkinson na Jami'ar Stanford suka gabatar da BIP, mai koyar da harshen BASIC, wadda ke zaɓa wa ɗalibi aiki gwargwadon ƙwarewar da ya nuna. Littafin da Sleeman da Brown suka tace a 1982 shi ya daidaita wa fannin sunansa. Shekara biyu bayan haka Benjamin Bloom ya ba shi abin hange, da ya ruwaito cewa matsakaicin ɗalibin da malami ya koyar shi kaɗai, tare da tabbatar da ya ƙware a kowane babi kafin a wuce, yakan zarce kimanin kashi 98 cikin 100 na 'yan ajin da aka koyar a dunƙule. Wannan tazara ce ake kira sigma biyu.

An saba kasa manhajar zuwa sassa huɗu: taswirar fanni, wadda ke ɗauke da ilimin da ake koyarwa, taswirar ɗalibi, wadda ke ajiye ƙiyasin abin da ya sani, sashen dabarun koyarwa, da fuskar mu'amala. VanLehn (2006) ya duba lamarin ta fuskar ɗabi'ar manhajar, ya ce zagaye biyu take yi. Zagayen waje shi ke zaɓar aiki na gaba, na ciki kuma shi ke duba kowane mataki a cikin aikin ya mayar da martani. Wannan maƙala ta fi karkata ga zagayen ciki.

Ta ɓangaren ɗalibi, du Boulay (1986) ya nuna cewa yawancin wahalar mai koyo tana tasowa ne daga gurguwar fahimtarsa ta yadda na'ura ke zartar da umarni, wato abin da ke faruwa a cikinta layi bayan layi. Soloway (1986) ya ƙara da cewa ɗalibi na iya sanin kowane ginshiƙin harshe shi kaɗai, amma ya kasa saƙa tsare-tsare biyu ko uku a cikin shiri guda. Sai dai bitar da Keuning da Jeuring da Heeren (2018) suka yi wa manhajoji 101 masu ba da martani kai tsaye ta gano cewa mafi yawansu nuna kuskure kawai suke yi, kaɗan ne ke faɗa wa ɗalibi yadda zai ci gaba. Tsakanin abin da masana suka sani game da kuskure da abin da manhajoji ke iya gani akwai giɓi babba, kuma shi wannan nazari ya nufa.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance. An ɗauki aiki guda, aka duba yadda kowace dabara za ta tunkari kuskure guda a cikinsa, bisa bayanin da masu dabarar suka wallafa. Aikin shi ne matsalar ruwan sama, wadda Soloway da abokan aikinsa na Jami'ar Yale suka yi fice da ita. Ana so ɗalibi ya rubuta shirin da zai riƙa karɓar adadin ruwan da aka samu kowace rana har sai an shigar da lambar tsayawa, 99999, ya yi watsi da duk lambar da ta gaza sifiri, sannan ya fitar da matsakaici.

A ce an shigar da 10, 20, 30, sai 99999. Amsar daidai ita ce 20. Ɗalibi na farko ya fara ma'ajin ƙidayar kwanaki daga 1 maimakon sifiri, ya sami 15. Na biyu ya fara daga sifiri, amma ya sa umarnin ƙara ƙidaya kafin a duba lambar tsayawa, don haka aka ƙirga ta a cikin kwanaki. Shi ma ya sami 15. Sakamakonsu ɗaya, ciwonsu daban. Na farko bai fahimci ƙimar farawa ba, na biyu bai fahimci jerin zartar da umarni a cikin zagayen maimaitawa ba. An auna kowace dabara da tambayoyi uku: shin za ta iya raba waɗannan ɗalibai biyu, me gina ta ke ci, kuma wane 'yanci take bar wa mai koyo?

4.0 Nazarin Dabaru

4.1 Dalilin da ya sa fannin ke da wuya

A lissafin aljabara na sakandare, hanyoyin da ke kai wa ga amsa ba su da yawa sosai. A rubuta shiri kuwa, aiki ƙarami na iya samun dubban amsoshi ingantattu, saboda bambancin sunayen ma'ajai, da jerin layuka, da irin zagayen da aka zaɓa. Bayan haka akwai iyaka ta lissafi wadda ba dabarar da za ta ketare ta. Ƙa'idar Rice ta 1953, wadda ta ginu a kan aikin Alan Turing na 1936, ta tabbatar da cewa babu wata hanya ta bai-ɗaya da za ta yanke hukunci a kan ma'anar kowane shiri. Ke nan ba za a taɓa samun manhajar da za ta iya tantance, a kowane hali, cewa shirin ɗalibi da na malami aiki ɗaya suke yi ba. Gwada shiri da jerin lambobi, wanda shi ne abin da yawancin manhajojin maki ke yi, zai nuna cewa 15 ba daidai ba ce, amma ɗaliban nan biyu saƙo iri ɗaya za su samu.

4.2 Gano niyya: PROUST

Johnson da Soloway sun gina PROUST a Yale a tsakiyar shekarun 1980 don shirye-shiryen harshen Pascal. Tunaninsu shi ne ba a gane kuskure sai an san abin da mai shi ya yi nufi. Saboda haka manhajar tana da jerin manufofin aikin, kamar karɓar lamba, da tara jimla, da ƙirga kwanaki, da kare rabawa da sifiri, tana kuma da taskar tsare-tsaren da ake bi a cika kowace manufa, haɗe da gurɓatattun siffofinsu da aka saba gani. Sai ta yi ƙoƙarin daidaita rubutun ɗalibi da waɗannan tsare-tsare, duk inda aka sami saɓani ta nemi bayaninsa.

Ta wannan hanya za a raba ɗaliban biyu. A wurin na farko tsarin ƙidaya ya cika amma ƙimar farawa ta saɓa, a wurin na biyu kuma wani yanki na tsarin ya faɗa gurbin da ba nasa ba. Ɗalibi ya rubuta shirinsa yadda ya so, ba wanda ya katse shi. Illar ita ce kowane sabon aiki sai an zauna an rubuta masa manufofi da tsare-tsare da hannu, kuma idan ɗalibi ya zo da hanyar da babu ita a taska, ko daidai ce, manhajar kan rikice. Ga shi kuma martanin sai an gama rubutu yake zuwa, lokacin da kurakurai sun riga sun hau kan juna.

4.3 Bin sawun warwara: manhajar LISP

A Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, John Anderson da Brian Reiser sun bi wata hanya. Manhajarsu ta koyar da harshen LISP, wadda aka fara amfani da ita a aji a 1984, ta ginu ne a kan ra'in Anderson na ACT*, mai cewa ƙwarewa tarin ƙa'idoji ne masu siffar "idan manufa kaza ce, kuma hali kaza ne, to a aikata kaza". An rubuta ɗaruruwan irin waɗannan ƙa'idoji, da wasu ɗaruruwan gurguwar ƙa'idoji masu wakiltar kurakuran da aka sani. Duk alamar da ɗalibi ya buga, manhajar za ta duba wace ƙa'ida ce za ta iya haifar da ita. Idan ta dace da ingantacciya, sai ta yi shiru. Idan ta dace da gurguwa, nan take ta tsayar da shi ta yi masa bayani. Da wannan dabara ɗalibi na farko ba zai wuce layin da ya rubuta 1 ba, na biyu kuma za a tare shi a daidai inda ya sa ƙidaya kafin dubawa.

Anderson da Reiser (1985) sun ruwaito cewa darasin da ya ɗauki masu koyo da kansu fiye da sa'o'i 26, masu amfani da manhajar sun gama shi cikin kimanin 15, masu malami na musamman kuma cikin kimanin 11. Gwajin Corbett da Anderson (2001) ya ƙara haske: waɗanda aka yi wa gyara nan take sun fi kowa saurin kammalawa, amma a jarrabawar ƙarshe ba su zarce waɗanda aka bar wa ikon neman gyara da kansu ba. Abin lura a nan shi ne, ɗalibin da ake tarewa tun kafin ya faɗi ba ya samun damar koyon farautar kuskure a cikin shirinsa, alhali wannan farauta babban kaso ce ta aikin mai rubuta shiri. Mai koyon ɗinki da maigidansa ke riƙe masa almakashi a kowane yanka zai fitar da riga mai kyau, amma ranar da ya ɓata yadi shi kaɗai ba zai san ta inda zai ɓullo ba. Ga kuma tsada: ƙiyasin da ya shahara a tsakanin masu gina irin wannan manhaja shi ne sa'o'i 200 zuwa 300 na aiki kafin a samar da darasin sa'a guda.

Daga wannan makaranta ne aka sami dabarar bin sawun sani, wadda Corbett da Anderson suka wallafa a tsakiyar shekarun 1990. Kowace ƙwarewa ana ba ta ƙima huɗu: yiwuwar ɗalibi ya zo da saninta, yiwuwar ya koye ta a kowane gwaji, yiwuwar ya canka daidai bai sani ba, da yiwuwar ya yi tuntuɓe alhali ya sani. Don misali kawai, a sa su 0.4 da 0.15 da 0.2 da 0.1. Idan ɗalibi ya amsa daidai, ƙa'idar Bayes za ta ɗaga ƙiyasin saninsa zuwa 0.75, idan aka haɗa da damar koyo ya kai kusan 0.79. Idan ya sake amsawa daidai, zai haura 0.95, wanda shi ne mizanin da suka sa na ƙwarewa. Da kuskure ya yi tun farko, da ƙiyasin ya sauka zuwa kusan 0.22. Lissafin yana da tsafta, amma ya dogara kacokan ga zaton cewa amsar daga kan ɗalibin ta fito. Za a koma ga wannan zato a 4.6.

4.4 Tsarin sharuɗɗa

Stellan Ohlsson ya kawo shawara a farkon shekarun 1990 cewa ba dole ne a san hanyar da ɗalibi ya bi ba, ya isa a san ƙa'idojin da amsa ingantacciya ba ta karyawa. Kowane sharaɗi yana da ɓangare biyu, lokacin da ya shafi amsa da abin da dole ya tabbata idan ya shafe ta. Antonija Mitrovic ta Jami'ar Canterbury a New Zealand ta aiwatar da wannan a SQL-Tutor a ƙarshen shekarun 1990, da ɗaruruwan sharuɗɗa. A matsalar ruwan sama za a iya rubuta: idan ma'aji yana ƙirga abubuwan da aka karɓa, dole ya fara daga sifiri. Wannan zai kama ɗalibi na farko cikin sauƙi. Na biyu ya fi wuyar kamu, domin kuskurensa a jerin aukuwar abubuwa yake, sharuɗɗa kuwa sun fi ƙarfi a kan siffar amsa a tsaye. Shi ya sa dabarar ta fi yin nasara a harshe irin SQL, inda ake bayyana abin da ake so ba tare da jera matakai ba. Gininta ya fi na ƙa'idojin Anderson sauƙi, kuma tana haƙuri da hanyar da ba a saba gani ba, amma duk kuskuren da ba a rubuta masa sharaɗi ba zai wuce a matsayin daidai.

4.5 Dogaro da ayyukan ɗaliban baya

Barnes da Stamper (2008) sun nuna cewa ana iya ciro ishara daga tarihin ɗaliban da suka riga suka warware aiki, ba tare da gwani ya rubuta komai ba. Sun fara ne da darasin mantiƙi. Rivers da Koedinger (2017) suka kawo dabarar cikin harshen Python da manhajar ITAP, wadda ke mayar da shirin ɗalibi bishiyar li'irabi, ta daidaita sunaye da jerin abubuwan da ba sa canza ma'ana, ta nemo amsa ingantacciya mafi kusa, sannan ta nuna gyara na gaba. Kafin su, Singh da Gulwani da Solar-Lezama (2013) sun yi amfani da dabarar gyaran shiri ta atomatik don nemo mafi ƙarancin canjin da zai daidaita aikin ɗalibi.

Waɗannan manhajoji za su gaya wa ɗalibi na farko ya mayar da 1 sifiri, su gaya wa na biyu ya sauko da layi kaza ƙasa. Sun raba su ke nan ta fuskar wuri. Dalili ne ba su da shi, domin ba su da taswirar abin da ɗalibi ya fahimta. Ɗalibi na iya bin gyaran ya wuce, gobe ya maimaita kuskuren a wani aiki.

4.6 Manyan samfuran harshe

Finnie-Ansley da abokan aikinsa (2022) sun gwada samfurin Codex da tambayoyin jarrabawar darasin farko a Jami'ar Auckland, ya faɗo cikin rubu'in sama na ajin. Bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, jami'o'i suka fara gina mataimakan koyarwa a kan irin waɗannan samfura. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard ya fito da nasa a 2023, aka umarce shi da ya riƙa yi wa ɗalibi hannunka-mai-sanda maimakon miƙa masa amsa, aka kuma iyakance yawan tambayoyin da mutum zai yi cikin wani lokaci.

Ta fuskar tambayoyin nan uku, samfurin harshe yana da abin yabo. Yana karanta kowane irin shiri, ba ya buƙatar a rubuta masa taska, kuma sau da yawa zai bayyana wa kowane ɗalibi dalilin 15 ɗinsa cikin lafazi mai sauƙi. Raunin da ke tattare da shi iri biyu ne. Na ɗaya, yakan ba da bayanin da ba daidai ba cikin cikakken tabbaci, mai koyo kuwa shi ne wanda ya fi kowa rashin abin tantancewa. Na biyu, shi kaɗai ba ya riƙe taswirar ɗalibi, kuma yana iya lalata wadda ake da ita. A misalin 4.3, amsa biyu daidai a jere sun isa a ce ɗalibi ya ƙware, bisa zaton yiwuwar canke 0.2 ce. Idan amsar kwafo ta aka yi daga samfuri, ainihin yiwuwar ta kusa 1, ƙiyasin ƙwarewar ya zama na bogi. Matsalar ba sabuwa ba ce. Baker da Corbett da Koedinger (2004) sun bayyana ɗaliban da ke danna maɓallin ishara da sauri har su kai ga ta ƙarshe mai ɗauke da amsa, kuma sun sami alaƙa tsakanin wannan ɗabi'a da ƙarancin koyo. Prather da abokan aikinsa (2024) sun lura da abu makamancin haka: ɗalibai masu ƙarfi sun yi amfani da samfuri sun ƙara sauri, masu rauni kuma da yawansu sun gama aikin suna zaton sun iya abin da ba su iya ba.

5.0 Batun Auna Tasiri

Alƙaluman da aka tara sun rage wa hasashen Bloom tsawo, amma sun ƙarfafa matsayin manhajojin. A ma'aunin sigma, VanLehn (2011) ya sami girman tasirin malami na musamman 0.79, na manhajar da ke bin mataki-mataki 0.76, na mai duba amsar ƙarshe kawai kuma 0.31. Wannan tazara tsakanin 0.76 da 0.31 ita ce hujja mafi ƙarfi cewa amfanin yana cikin zagayen ciki. Kulik da Fletcher (2016), da suka duba gwaje-gwaje 50, sun sami tsaka-tsakin tasiri 0.66, amma sun nuna cewa adadin yana faɗuwa ƙwarai idan aka auna ɗalibai da jarrabawar gama-gari maimakon wadda masu binciken suka tsara daidai da darasinsu. Waɗannan alƙaluma na fannoni daban-daban ne, kuma an tara su kafin zuwan samfuran harshe, don haka ba daidai ba ne a jingina su ga mataimakan da ake ginawa yanzu.

Koedinger da Aleven (2007) sun kira tambayar yaushe za a taimaka da yaushe za a janye hannu babbar matsalar da ba a warware ba a ilimin koyarwa. Nazarin da aka yi a sashe na 4.0 ya nuna cewa manhaja ba za ta iya wannan hukunci ba sai tana da ƙiyasi abin dogaro na sanin ɗalibi. Saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne a raba aiki: gwajin lambobi da nazarin bishiyar li'irabi su tabbatar da inda kuskure yake, taswirar ɗalibi ta yanke ko a yi magana ko a yi shiru, samfurin harshe kuma a bar masa tsara lafazin bayani. A kuma daina lissafa amsar da aka samu bayan ishara ta ƙarshe a matsayin shaidar ƙwarewa.

Ma'aunin da ya kamata a ɗora wa kowace sabuwar manhaja shi ne jarrabawar da ɗalibi zai yi bayan makonni, ba tare da mataimaki ba, a kan aikin da bai taɓa gani ba, kuma ta ƙunshi gyaran shiri mai kuskure. Rahoton da bai kawo sakamakon irin wannan jarrabawa ba saurin kammala aiki kawai ya auna, kuma bai isa hujjar da jami'a za ta shigar da manhajar cikin tsarin karatunta ba.